Ƙaurin Auduga a Aljihun Direba

A shagon wanki da gugar da ke ƙasan dogon benen nan na bakin titi, kowa ya san cewa kafin dutsen guga ya ci riga, hancin Mai Guga ya riga ya kai ƙara. Tana can ƙuryar ɗakin baya, ta juya wa jama'a baya tana fama da wuyan wata riga, sai ka ji ta ce a ɗaga dutse a teburin ƙarshe, ba tare da ta ko waiwayo ba. A duba, a tarar kuwa hannun riga ya fara ja. Ma'aikata sun zo sun tafi a shagon nan ba adadi, kowannensu guga yake yi, amma idan aka ce Mai Guga ita kaɗai ake nufi.

Gajeruwa ce mai jiki, damtsenta na dama ya fi na hagu cika saboda ɗaga dutse. Ta shiga sana'ar tun tana goyon ɗanta na fari, lokacin shagon bai wuce ɗaki guda da igiyar shanya ba. Yanzu ga injinan wanki a jere suna ruri, ga na busarwa, ga riguna rataye cikin leda, amma ita tana nan a teburinta na kusa da taga, da robar feshinta, da ƙyallen da take goge fuskar dutse da shi. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma ɗaukar raini. Karatun da take yi wa duk sabon shiga guda ɗaya ne: busasshiyar auduga ba ta jure wuta, a jiƙa ta, a bari ta sha ruwan, sannan a ɗora dutse. Wanda ya yi garaje ya ƙona kayan mutane ba ta zaginsa. Kallonsa kawai take yi, kuma da yawa sun ce gara zagin.

Mace mai irin wannan hanci, sai Allah ya haɗa ta da mashayin taba. Mijinta direban tasi ne, dogo siriri, mai barkwanci, kuma tun da aka haife shi bai iya jira ba. Danja ba ta gama ba da hannu ba ya danna hon. Shayi da zafinsa yake kurɓa, ya ƙona harshe, ya ɗora wa kofi laifi. Sukari kuwa, ka rantse shayin aka zuba a cikinsa. Rediyon motarsa ba ta san wata murya ba sai ta ƙarshe. Amma bai taɓa wuce tsohuwa da kaya a bakin titi ba, kuma duk yamma motarsa na ƙofar shagon, yana ta hon kamar ta makara, alhali shi ne ya zo da wuri. Ita takan fito tana harararsa, shi ya buɗe mata ƙofar gaba yana cewa ranki ya daɗe. Malam take kiransa, ko tana fushi ko tana fara'a, bambancin a jan muryar yake.

Ba irin yaƙin da ba ta yi da tabar nan ba. Ta ɓoye ashana, ta jiƙa kwali, ta yi gaba, ta haɗa shi da yayansa, ta yi kuka. Yakan rantse ya daina da safe, kafin la'asar ya koma. Daga ƙarshe ta haƙura, ta ware wa rigunansa bokiti daban. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Ita da ke fitar da gumi da turaren baƙi daga tufafinsu tun safe har yamma, ta kasa fitar da warin taba daga kayan gidanta.

Wanda ya zo ya ci yaƙin ko ido bai gama buɗewa ba. Autarsu, wadda har bayan aurenta ba mai kiranta da wani suna sai Auta, ta haifi bakwaini, namiji, aka sa shi a kwalba a asibiti. Likita ya ce huhunsa bai yi ƙwari ba, idan an sallame shi kada hayaƙi ya kusance shi, ko da wanda ya maƙale a tufafi ne. Auta 'yar lelen ubanta ce, ba ta taɓa hana shi komai ba, amma ran nan a barandar asibiti ta riƙe hannunsa ta ce, "Abba, muddin kana shan taba ba za ka ɗauke shi ba. Ka yi haƙuri."

Direba ya leƙa ta gilashi, ya ga ɗan mutum da bai fi tafukan hannunsa biyu ba, ƙirjinsa na ɗagawa da sauri. Ya ce ashe wannan ɗan ƙwacen ne ya zo ya raba shi da matarsa, bai tsaya nan ba har da tabarsa. Aka yi dariya. A hanyar komawa gida Mai Guga ta lura bai kunna rediyo ba.

Mijin Auta ne ya kawo sigarin lantarki. Wani ɗan ƙarfe ne da ake yi wa caji kamar waya, a samansa akwai ɗan tankin gilashi da ake zuba wa wani ruwa mai ƙamshi, a danna maɓalli a zuƙi tururi. Auta ta ce ta yarda, amma a matsayin tsani, shi ma nan gaba a sauka daga kansa. Ta gindaya sharuɗɗa: a waje kawai, nesa da yaron, a wanke hannu da baki, a sauya riga. Direba ya juya abin a hannu ya ce wai shi yanzu sai an yi wa tabarsa caji. Ya karɓa dai, kuma ya riƙe alkawari yadda ba wanda ya zata. Ya yi ta masifa da fasinjoji, ya yi ta cin biskit kamar yaro, amma bai kunna kara ko ɗaya ba. Wata safiya Mai Guga ta ɗaga rigarsa, ta kai hanci, ta jefa ta cikin bokitin kowa. Ba ta ce masa komai ba, shi ma bai ce ya lura ba, sai dai ranar ya wuni yana fito.

Yaron na ta ƙara nauyi a kwalba, sai abu ya fara canzawa a gida. Direba ya soma tari. Idan ya fita baranda ya zuƙa, sai ta ga ya yamutsa fuska ya tofar. Ta tambaye shi, ya ce lafiya lau. Namiji ne da ya gwammace ya haɗiyi wuta da ya ce abin da surukinsa ya kawo masa ya gagare shi. Ta ga ruwan tankin da a da yake garau ya koma kalar shayi ba madara, ta ɗauka haka halinsa yake. Idan ya juye baƙin ragowar a murfi zai zubar, ita da ba ta son ɓarna sai ta faki idonsa ta mayar cikin kwalbar sabon, tana jin ta yi dabara.

Ranar da aka sallami yaron, Mai Guga ce ta rako Auta daga asibiti zuwa gidanta a saman bene. Direba ya zo daga baya, ya yi aski, ya sa farar rigar da ta goge masa. Abin da ba su gani ba, ɗoki ya hana shi sakat, ya tsaya a mota ya yi ta zuƙa ba ƙaƙƙautawa don ya kwantar da hankalinsa, ya cusa abin a aljihun gaba, tankin ya ɗiga, sannan ya tuna ya ciro shi ya bari a mota. Ya hau bene da gudu, ya wanke hannu a famfon kicin, ya shigo falo ya miƙa hannuwa biyu yana cewa a ba shi ɗan ƙwacen nan su gaisa.

Auta ta taho da yaron a ƙirji. Saura kaɗan ta miƙa shi, sai tari ya sarƙe uban, wani ƙauri ya fito daga bakinsa. Ta tsaya cak. Idonta ya sauka kan aljihunsa, ga tabo ruwan ƙasa a kan farar riga, ga irinsa a gefen yatsunsa.

"Abba, ka koma," ta ce a hankali.

"Ban koma ba."

"Ga shi ina ji. Dubi aljihunka."

Bai dubi aljihun ba, matarsa ya duba. Tana bakin ƙofar banɗaki, hannunta cikin ruwan maganin da take wanke kayan jariri da shi. Taku kaɗan ne tsakaninsu, da ta matso da magana ta ƙare. Amma ta ji rantsuwarsa ta daina taba sau ba iyaka a rayuwarta, ta hango tabon, sai ta sunkuyar da kai. Ita mai hancin da duk shago ke tsoro, ba ta ko shinshina ba. Direba ya sauke hannuwansa, ya ce Allah ya raya, ya juya ya sauka. Sun ji tashin motarsa, ko hon bai yi ba.

Da ta koma gida ba ta same shi da magana ba, shi ma bai neme ta ba. Washegari kafin ta gama haɗa shayi ya fice. Sigarin lantarkin na kan tebur, ya bar shi a nan da gangan, farar rigar kuma na yashe a gefen gado. Mutumin da ya fita aiki ba tare da abin nan ba, ta san inda zai tsaya kafin rana ta yi tsaka. Ta je ta jawo tsohon bokitin nan daga bayan ƙofa, zuciyarta a dagule, ta ɗauki rigar. Sabo ne kawai ya sa ta kai aljihun hancinta.

Ba taba ba ce. Warin taba ta san shi fiye da yadda ta san muryar 'ya'yanta, ɗaci gare shi, yana kama maƙogwaro. Wannan zaƙi-zaƙi ne, irin na sukarin da ya kama tukunya. Ta ɗauki abin daga tebur ta shinshina bakinsa, sai ga abin da ta kwashe rayuwarta tana farauta a shago, ƙaurin audugar da wuta ta ci. Ta zauna a bakin gado da rigar a cinya. Kunya ta ji, da tausayin mutumin nan da ya faɗi gaskiya a gaban 'yarsa, ya dube ta, ta ƙi dubansa. Ta kira wayarsa, a kashe.

A shago ta shimfiɗa ƙyallenta kusa da taga, ta murɗe tankin, ta zazzage ruwan a murfi. A tsakiya ta sami wani ɗan ƙarfe kamar kan biro, ta ɗaga shi ga haske. A cikinsa akwai 'yar waya a nannaɗe, kewaye da ita auduga. Audugar ta yi baƙi ƙirin, wayar kuma ta yi ɓawo, irin wanda fuskar dutse ke yi idan an cika sitaci aka ƙi gogewa. Ta naɗe komai, ta je ta ce wa mai shago tana da uzuri. Mutumin ya saki baki, don bai taɓa jin ta nemi fita a tsakar aiki ba, ya ce ta je, Allah ya sa lafiya.

Mijin Auta ya kwatanta mata wurin da ya sayo abin ta waya. Ɗan shago ne matsattse tsakanin mai gyaran waya da kantin magani, kwalabe ƙanana jere a kanta, ƙamshi iri-iri ya gauraye har sai da ta toshe hanci da gefen mayafi. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dubi abin da ta zube masa, ya ce wannan ƙarfen kwayil ake ce masa, kuma wannan ya daɗe da mutuwa, gawa ake ta zuƙa. Ya ce audugar lagwani ce, ita ke shan ruwa ta kai wa wayar. Idan da ruwa a jikinta, tururi ake samu. Idan ta bushe, ita kanta wutar ke ci, kuma audugar da ta ƙone sau ɗaya ba ta dawowa, duk ruwan da ya bi ta kanta sai ya ɗauki ƙauri ya yi duhu. Mai Guga ta gyaɗa kai. Wannan karatun nata ne, a bakin wani kawai ta ji shi.

Sai ya shiga tambayoyi, ita kuma ta ga kamar hoton mijinta ake zana mata. Idan ya cika tanki, yana bari lagwanin ya jiƙa kafin ya zuƙa? Ta ce mutumin da ba ya jiran shayi ya huce. Yana sararawa tsakanin zuƙa da zuƙa? Ta ce bai san wannan kalmar ba. Yana bari ruwan ya ƙare ƙaf? Idan yana kan hanya, tsayawa ya cika ɓata lokaci ne a wurinsa. Mai shagon ya danna maɓalli ya duba ƙarfin wutar, ya tarar an kai shi ƙarshe, ta ce haka yake yi wa rediyo. Ya shinshina ruwan ya ce wannan shi ne mafi zaƙi a duk kantar, kuma zaƙin ne ke dafewa a jikin waya ya zama ɓawon da ta gani. Da ya tambayi inda ake ajiye kwalbar, ta tuna tana gaban mota a ƙarƙashin gilashi, rana na dukanta tun safe. Ya ce rana da zafi su kaɗai ma sun isa su baƙanta ruwa.

Daga nan ya ce yana fata dai ba a mayar da tsohon ruwa cikin sabo. Mai Guga ta shiga gyara mayafi, ta ce wa zai yi wannan aikin.

Ya ba ta sabon kwayil da ruwa mara zaƙi sosai, ya rage wutar, ya wanke tankin ya goge. Zai haɗa mata, ta ce a'a, ya nuna mata da baki, a gaban mai abin za ta haɗa. Kafin ta fita ya ce mata ta gaya wa maigidan wannan ba ruwan sha ba ne, ba kuma magani ba ne, shi ma da shi ya bar taba, daga baya ya ajiye shi. Kwalbar kuma a kulle ta inda hannun yara ba ya kai.

Ta sami motar a tasha, a bayan layi, ƙarƙashin inuwar gada. Direba na zaune ya jingina kai, rediyo a kashe. Ta buɗe ƙofar gaba ta shiga. Tana zama hancinta ya gaya mata abin da ba ta so ji ba: taba, ta gaske, sabuwa, ba da yawa ba. An buɗe tagogi an fesa turaren mota, amma ita ba a yi mata wannan. Ta shimfiɗa ƙyalle a cinya.

"Ina za a kai ki, ranki ya daɗe?" ya ce, bai dube ta ba.

Ta ɗora masa ƙonannen kwayil a tafin hannu ta ce ya shinshina. Ya yamutsa fuska, ya ce ai wannan bala'in ne yake sha kullum, kamar ana ƙona tsumma a maƙogwaronsa. Ta tambaye shi me ya hana ya faɗa. Ya ce idan ya faɗa za a ce ya fara neman hanyar guduwa. Ta ciro sabon kwayil, ta ɗiga ruwa a kan audugar ta 'yan ramukan gefe har ta ga ta yi laushi, ta murɗa shi a mazauninsa, ta cika tanki, ta tsayar da abin a wurin ajiye kofi. Direba ya kai hannu. Ta buge hannun.

Ta ce sai lagwani ya sha ruwa. Ya tambayi zuwa yaushe, ta ce sai ta ce. Ya buga yatsu a sitiyari, ya gyara madubi, ya sake gyara shi. Layi ya motsa, na baya suka fara hon, ya kai hannu ga makulli, ta ce ya bar su su wuce. Ya leƙa ya yi musu hannu, abokan aikinsa suka wuce suna leƙen motar, wani ya ce yau babbar fasinja aka ɗauka. A cikin tanki 'yan kumfa ƙanana na tasowa ɗaya bayan ɗaya, su biyu suka zuba musu ido don ba su san inda za su kalla ba.

"Auta yarinya ce, tsoro take ji," ya ce can. "Ban ga laifinta ba. Ke ce. Ke da kike jin ƙauri daga wancan ɗaki."

"Na yi maka laifi, Malam," ta ce. "Ka yafe mini."

Tun da suka yi aure bai taɓa jin wannan daga bakinta ba. Ya juyo ya dube ta sosai, ya ga idonta ya kawo ruwa, ya rasa abin yi, sai ya ce a maimaita masa ya ɗauka a waya. Ta ce ya shiga taitayinsa. Sannan ta miƙa masa abin, ta ce a hankali, ja ɗaya, ya ajiye, ya ba audugar dama ta sake sha. Ya fita daga motar ya zuƙa. Ya tsaya shiru yana jiran tarin, tarin bai zo ba. Ya ce ashe haka ɗanɗanonsa yake, shi har ya manta. Ta sa hannu ta ɗauke tsohuwar kwalbar daga gaban mota, ta ce rana ta dafa ta, ta jefa a jakarta. Nata hannun da ke cikin lalacewar kwalbar kuwa, har yau Direba bai ji labarinsa ba.

Ta ce su wuce gidan Auta. Ta taho masa da wata riga daga shago cikin leda, da sabulu. A famfon ƙasan benen ta tsaya a kansa ya wanke fuska da hannu har gwiwa, ya kurkure baki, ya sauya riga. Ba ta ce masa ta ji komai a mota ba. Ta riga ta yanke a ranta cewa wannan karan ɗaya bashinsa a wuyanta yake, ita ta tura shi, kuma ba mai jin labarinsa daga bakinta. Sai dai tana hawa bene tana lissafin yadda za ta ce a bari sai an kwana biyu kafin ya ɗauki yaron, ba tare da ta faɗi dalili ba.

Auta ta buɗe ƙofa idonta a kumbure, da alama ita ma ba ta ji daɗin jiya ba. Mai Guga ta shige gaba, ta ciro farar rigar jiya daga jakarta ta baje a hannun kujera, ta ɗora ƙonannen kwayil ɗin a kai, ta ce wa Auta ta shinshina. Ta yi mata bayani a taƙaice, yadda take yi wa sabon shiga a shago. Auta ta kai aljihun hancinta, ta sake kaiwa, ta dubi ubanta da ke tsaye a bakin ƙofa bai shigo ba, sai hawaye. Ta ce Abba ya yafe mata, ta yi masa ƙazafi a gaban kowa. Kafin uwar ta buɗe baki da dabarar da ta shirya, Auta ta shige ɗaki da sauri ta fito da yaron a cikin tawul, ta nufi ƙofa da shi.

Direba ya ja da baya har ya taka tabarmar goge ƙafa da ke waje.

"Tsaya nan, Auta. Jiya ban sha ba. Amma yau da safe na sha rabin kara, a tasha. Sabulu bai isa ya fitar da shi ba. Kada ki kawo shi."

Mai Guga ta ji kamar ta make shi, ta kuma ji bai taɓa burge ta irin yau ba. Ta san yadda hannuwan nan suka ƙagu su ɗauki yaron, ta ga yadda yake murza su a jikin wando. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda zai sani sai ita, ita kuma ta rufe bakinta.

Auta ta ce wa uwar ta miƙa wa Abba kujera. Aka ajiye masa a nan bakin ƙofa, ita ta zauna a tsakiyar falo, ta buɗe tawul ɗin kaɗan, ta juyo da fuskar yaron ta yadda zai gan shi sosai. Direba ya zauna a gefen kujerar ya miƙa wuya, ya ce wannan ɗan ƙwacen ai hancin kakarsa ya ɗauko, shi kam ya shiga uku.

"Abba," Auta ta ce, tana goge ido da bayan hannu, "duk ranar da ka ce ka shirya, ka shigo kawai ka ɗauke shi. Ba zan sake shinshinar ka ba."

Direba ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya kasa. Ya sunkuyar da kai yana gyaɗawa. Mai Guga ta tattara farar rigar daga hannun kujera ta shige banɗaki, ta ce irin wannan tabon idan ya kwana biyu ba ya fita. Ta sakar wa famfo ruwa da ƙarfi, ta daɗe a ciki.